Kifi na uku: nazarin wani faɗa a tankin murjani a Agege

Tankin yana falon wani gida a Agege, a Legas. Tsawonsa santimita 120, yana cin ruwa lita 240. Ruwan gishiri ne da ake haɗawa a gida da garin gishirin kiwon kifin teku da tataccen ruwa, domin ruwan bakin tekun Legas da na burtsatse duk ba su da tsabtar da murjani, halittar teku mai rai da ake kiwo a tankin, zai jure. Mai gidan, Alhaji, mijin yayata ne, yana harkar fito da kaya a Apapa. Shi ya sa kuɗi, amma babban ɗansa, ɗan sakandare, shi ke ba da abinci da goge gilas. Nawa aikin shi ne gwajin ruwa da gyaran injina, da yake sana'ata ke nan.

Manyan mazauna tankin su ne kifaye biyu irin waɗanda masu sayarwa ke kira Nemo, wato Amphiprion ocellaris, masu launin ruwan lemo da ratsi fari uku. An saye su tare suna ƙanana, haihuwar gidan kiwo ne, sun haura shekara a tankin. Ɗaya ta kai santimita 8, ɗayan yana wajen 6. Sun tare a jikin wani anemoni mai kumburin kan yatsu, Entacmaea quadricolor, a ɓangaren hagu. Anemoni dabba ne ko da yake kamar fure yake, yatsunsa na harbin kifi, amma majinar jikin Nemo na kare shi. Ban da su akwai Gramma loreto, ɗan kifin Karibiyan mai gaba shunayya da baya rawaya, wanda kogonsa ke ƙarƙashin dutsen anemonin. Akwai wani ɗan kifi, gobi rawaya, da jatan landen da ke haƙa musu rami a yashi. Akwai siririn kifi fari da ja mai doguwar ƙaya a gadon baya, Nemateleotris magnifica, matsoraci na ƙin ƙarawa. Sai jatan lande mai wanke jikin kifi da katantanwa. Murjanin duk masu laushi ne, masu juriya.

A ƙarshen Janairu yaron ya tara kuɗinsa ya sayo Nemo na uku daga wani mai sayarwa a WhatsApp, don a ganinsa biyu sun yi kaɗan. Ya zuba shi kai tsaye, ba a killace shi ba. Tsawonsa kusan ɗaya da na ƙaramin cikin biyun nan.

Da farko ba a ga wani abin tashin hankali ba, sai ɗan kora nan da can. Zuwa tsakiyar Fabrairu sabon kifin ya daina saukowa ƙasa. Ya maƙale a kusurwar sama ta dama, bayan injin motsa ruwa, jelarsa a yage, ba ya cin abinci sai abin da ruwa ya kawo masa har baki. Ana cikin haka aka wayi gari siririn kifin nan ya yi tsalle ya fita, aka same shi a bushe a bayan kabad. Gramma ya rage fitowa. Babbar Nemo kuma ta fara cizon duk hannun da ya shiga ruwan, cizon da ba ya fasa fata sosai amma yakan sa mutum ya zabura ya ture dutse.

Alhaji ya riga ya yanke hukunci kafin ya kira ni.

"Zo ka fitar mini da wannan babbar," in ji shi. "Tun da aka yi mata kishiya ta hana kowa sakat."

"Alhaji, a ba ni kwana biyu tukuna kafin a taɓa ta."

Yaron ya sa baki: "Kawu, ni dai ban taɓa ganin tana dukansa ba. Ni take cizo."

Maganar yaron ita ce ta fi amfani, ko da yake babansa bai saurare ta ba.

Abin da wayar ta ɗauka

Matsalar kallon faɗan kifi ita ce, da zarar mutum ya tsaya gaban gilas, kowa sai ya bar abin da yake yi ya taso neman abinci. Saboda haka na sa yaron ya jingina waya a kan tebur tana ɗaukar bidiyo, ya fita daga falon: da safe kafin abinci, da kuma da daddare gab da kashe fitilar tankin.

Bidiyon ya nuna faɗa biyu ne daban ake yi a tankin, ba ɗaya ba.

Wanda ke bin sabon kifin ruwa a jallo shi ne ƙaramin cikin tsofaffin biyun, wato namijin. Yakan baro anemonin ya ratsa tankin tun daga hagu har dama, ya kai masa sara a jela ko a gefen ciki, ya koma. Sabon kifin yana yin duk abin da irinsu ke yi na miƙa wuya: ya karkata jiki, ya yi ta karkarwa kamar mai farfaɗiya. A tsakanin miji da mata wannan karkarwar takan kashe wutar faɗa nan take. A nan ba ta yi aiki ba. In an kashe injina, har ana iya jin ƙas-ƙas ɗin da namijin ke yi da haƙoransa kafin ya kai farmaki.

Ita kuwa babbar, wato macen, ba ta nisa. Ba ta wuce kamar taƙi biyu daga anemonin, amma duk abin da ya shigo wannan da'irar sai ta far masa: Gramma in ya leƙo daga kogo, katantanwa in ta biyo ta dutsen, hannun mutum. Kuma a tsakanin farmaki, ita da namijin suna ta tsattsagar wani shafaffen wuri a gindin dutsen da baki, suna share shi. Wanda ya taɓa kiwon irinsu ya san ma'anar wannan: wurin zuba ƙwai suke gyarawa. Ba a jima ba kuwa yaron ya turo mini hoton wani faci ruwan lemo manne a wurin, namijin na yi masa fifita da fiffikensa.

Dalilin da ya sa namijin ya ƙi yarda

Tsarin zaman wannan kifi shi ne ginshiƙin lamarin. A teku, a yankin Indiya da Fasifik inda suke (babu su a Atilantika, saboda haka duk wanda ke Legas ta jirgi ya zo), anemoni ɗaya kan ɗauki mace ɗaya wadda ita ce mafi girma, da namiji ɗaya mai haihuwa da ke bin ta a girma, sai ƙanana da ba sa haihuwa suna jiran layi. Babu wanda aka haifa mace. In macen ta mutu, namijin ne ke rikiɗa ya zama mace, na bayansa ya hau matsayin miji. Hans da Simone Fricke ne suka bayyana wannan a mujallar Nature a 1977, kuma sun nuna cewa danniyar da babbar ke yi wa na ƙasa ita ce ke hana su rikiɗa. Wanda ya riga ya zama mace kuwa ba ya komawa namiji.

Ke nan ba kishiya aka kawo wa macen ba. Abokin hamayya aka kawo wa mijin, wanda zai iya ƙwace masa matsayi a yau, ya kuma sha gabansa a layin gado gobe.

Girman sabon kifin ya ƙara dagula lissafi. Peter Buston ya yi nazarin Amphiprion percula, ɗan'uwan ocellaris na kusa, a Madang ta ƙasar Papua New Guinea, ya wallafa a Nature a 2003 cewa na ƙasa yakan taƙaita girmansa ya tsaya a wajen kashi 80 cikin 100 na tsawon wanda ke samansa. Muddin tazarar nan na nan, ana haƙuri da shi. In ya matso, a kore shi. Namijin tankin Alhaji santimita 6 ne, saboda haka wanda zai iya jurewa bai kamata ya kai 5 ba. Wanda aka kawo kuwa kafaɗa da kafaɗa suke. A teku, wanda aka kora yakan bar anemonin. A cikin gilas mai santimita 120 ba shi da inda za shi, shi kuma mai korar yana ganinsa kullum, yana ɗauka taurin kai ne ya hana shi tafiya.

Akwai kuma batun kama. A 2024 Kina Hayashi da abokan aikinta a Okinawa ta Japan sun gwada ocellaris da kifayen roba masu ratsi daban-daban, suka ga sun fi kai wa mai ratsi uku hari, mai biyu ƙasa da haka, mai ɗaya ko marar ratsi kuwa ba su cika damuwa da shi ba. Wannan ya yi daidai da abin da bidiyon ya nuna: namijin yana wuce gobi rawaya ko kallo bai ishe shi ba, ya tafi can ƙarshen tanki neman mai irin rigarsa.

Faɗan macen kuwa na gadin ƙwai ne, kuma ba ya rasa nasaba da dangi. Nemo ɗan gidan Pomacentridae ne, dangin kifayen da aka san su da tsare yanki. Ocellaris ma shi ne mai sanyin halin cikinsu. Da a ce jan nau'in Nemo ne mai ƙaya a kumatu, wanda macensa kan kai santimita 17, da tuni an yi jana'izar Gramma. Siririn kifin da ya yi tsalle kuwa, ramin kwanansa yana kan hanyar da namijin ke bi in zai kai hari, kuma irinsa in ya firgita sama yake yi. Tankin ba shi da murfi.

Ruwan ma bai taimaka ba

Da na gwada ruwan da rana, zafinsa ya haura digiri 30. Tankin murjani yana son 24 zuwa 27. Fabrairu da Maris su ne watannin da Legas ke gasa mutum, kuma in an ɗauke wuta da rana ba kowa a gida, ba mai tayar da janareto saboda kifi. Ma'aunin gishiri ya nuna 1.029 maimakon 1.025 ko 1.026. Da na bincika, ashe in ruwa ya ragu, yaron ruwan gishiri yake ƙarawa. Ruwa ne kawai ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan, saboda haka abin cikewa tataccen ruwa ne zalla. Amoniya da naitirait, gubar da kashin kifi ke haifarwa a ruwa, dai sifili ne, alhamdu lillahi.

Ba zafi ne ya haddasa faɗan ba, amma shi ne zai ƙarasa wanda ake duka. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi kamar mai sanyi, in injin motsa ruwa ya tsaya kuma abin ya ƙara muni. Kifin da ba ya ci, ba ya hutawa, ga rauni a jiki, yana haki a irin wannan ruwa, cuta ce ke kama shi. A ganina yawancin kifin da ake cewa "an cije shi ya mutu" ba cizon ne ajalinsa ba. Na duba jikinsa da kyau saboda Brooklynella, cutar da ta fi addabar Nemo, wadda ke sa fata ta yi kauri da farar majina tana saɓulewa, tana kuma iya kashewa cikin 'yan kwanaki. Babu wannan alamar, babu fararen ɗigo-ɗigo, sauran kifayen kuma fes suke. Sa'a aka ci, tunda ba a killace shi ba kafin a zuba shi.

Abin da aka yi

Na ƙi cire macen, kuma sai da aka kai ruwa rana da Alhaji a kan wannan. Na ce masa in aka fitar da ita, namijin zai fara zama mace, kuma ranar da aka ce za a dawo da ita, mata biyu za a haɗa a gilas ɗaya, su kuwa ba sa rabuwa sai ɗaya ta mutu. Ga shi za a rusa ma'auratan da suka fara haihuwa, abin da masu kiwo da yawa ke nema ba su samu ba.

Sabon kifin aka cire. An kama shi da daddare bayan an kashe fitila, da robar abinci mai haske maimakon koma, don kada yagaggen fiffiken ya ƙara sarƙewa. Ya koma ƙaramin tanki mai lita 40, ba yashi ba dutse, sai gutsattsarin bututun famfo da zai ɓuya a ciki, da matatar soso, da ɗan injin iska mai batir. Ba a sa masa magani ba. Ruwa mai tsabta, gwajin amoniya kullum, canjin ruwa akai-akai, da abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, su suka yi aikin. Na gargaɗi yaron kada ya kuskura ya zuba maganin da ke da jan ƙarfe a babban tanki ko da wani ya ba shi shawara, domin yana kashe murjani da anemoni da jatan lande, kuma yana shiga dutse ya zauna.

A babban tankin, gishiri aka fara saukarwa, a hankali cikin kwanaki, da tataccen ruwa. An mai da injin motsa ruwa da famfon dawo da ruwa kan inbata, aka bar fitila a kan wutar gari, domin murjani zai jure duhun yini guda amma kifi ba zai jure tsayayyen ruwa ba. Na'urar sanyaya ruwa ita ce maganin zafi na gaskiya, sai dai tun da kuɗin wuta na rukunin A, wato na unguwannin da aka fi ba wuta, ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 mutane ke ja da baya da duk abin da ke da kwamfuresa. Aka ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, wadda ke rage digiri ɗaya ko biyu, amma tana ƙara saurin ƙafewa, ke nan cikewa ta zama ta kullum. Murfi kuma na raga aka yi, don na gilas yana tare zafi.

Gramma ya samu sabon kogo a can dama. Na tada wani dogon dutse a tsakiya ya raba gani tsakanin ɓangarorin biyu, domin abin da macen ba ta gani ba ta bi. Na kuma jingina ɗan tayil a gindin anemonin, fuskarsa na kallon bangon hagu, da fatan su koma zuba ƙwai a kai. A zubi na gaba kuwa sun yi hakan, sai da'irar gadin ta juya wa tsakiyar tanki baya. Abinci yanzu a wuri biyu ake zubawa lokaci ɗaya, a fara da hagu.

Da jelar kifi na uku ta tofo ya dawo da ƙiba, sai Alhaji ya ce a mai da shi, tunda ya ji ana cewa akwai dabaru. Akwai su kam: a sa baƙo a kejin roba mai huji-huji a cikin tanki har a saba da ganinsa, a sauya zaman duwatsu, a manna madubi a gilas don mafaɗaci ya shagala da inuwarsa, a zuba baƙo cikin duhu. Duk suna aiki in rigimar ta yanki ce tsakanin jinsi daban-daban. Ba sa canza lissafin matsayi tsakanin Nemo da Nemo. Amma kifinsa ne, kuma keji ba ya cutarwa, sai na rataya shi a can dama da kifin a ciki. Namijin ya bar ƙwansa ya zo ya tare a jikin kejin yana dukan roba da baki, safe da yamma, ba alamar gajiya. Alhaji da kansa ya kalli abin bayan sallar isha'i ya ce, "Cire shi, wannan ba zai bari ba."

Inda aka tsaya

Kifi na uku yana ɗakin yaron yanzu, a tanki mai lita 80. Da yake ba wanda ke danne shi, ya fara girma da sauri, kuma hanyar zama mace ya kama. An kawo masa wani ɗan ƙarami da bai kai santimita 3 ba, bayan an killace shi makonni. An ɗan kore shi da farko, ya yi karkarwarsa, aka karɓa, yanzu tare suke kwana a kusurwa ɗaya. Na ce wa yaron in zai sake sayen Nemo nan gaba, ya guji babba wanda ya daɗe shi kaɗai a tankin shago, don mai yiwuwa ya riga ya zama mace.

A falo, ma'auratan suna zuba ƙwai kusan duk mako biyu. Ƙwan kan fara da ruwan lemo, ya yi duhu, ya koma kamar azurfa idanu na ƙyalli, ya ƙyanƙyashe da daddare bayan kamar kwana 8. Ba a renon 'ya'yan, matata da murjani ke cinye su, don renonsu na buƙatar tanki daban da ƙananan halittun ruwa da za a noma musu. Macen ba ta daina cizo ba kuma ba za ta daina ba. Yaron ya koma sa safar hannu, yana kuma barin goge ɓangaren hagu sai bayan ƙyanƙyasa. Gramma yana fitowa har tsakiya. Abin da nake sa wa ido shi ne anemonin, domin yana tafiya in haske ko motsin ruwa bai yi masa ba, kuma in ya matsa tsakiya, gidan Nemo da faɗansu za su bi shi, sai an sake jera duwatsu.

Alhaji yana son a cike gurbin siririn kifin da ya mutu da shuɗin nan mai rawayar jela, Paracanthurus hepatus. Na ce a'a: yana kai santimita 30, mai yawo ne, tanki mai santimita 120 ya yi masa kaɗan, kuma yana da saurin kamuwa da ciwon fararen ɗigo. Abin da na amince da shi shi ne Pterapogon kauderni guda ɗaya haihuwar gidan kiwo, kifin tsibiran Banggai na Indunusiya mai tsayawa cak a tsakiyar ruwa, ko kuma ƙaramin kifin da ake kira bileni mai kiwon gansakuka a kan dutse. Ko wanne aka zaɓa, zai yi makonni a tankin lita 40 tukuna, sannan ya shiga keji a ɓangaren dama, kuma ba za a sake shi ba sai a ranakun da babu ƙwai a kan tayil.